Robar da Ta Narke a Firinta

Tana zaune a shagon buga takardu na babanta wani saurayi ya shigo, da roba a hannu, irin mai gani-har-hanji.

"'Yan mata, zanen hanyoyin wuta za a buga min a kan wannan. A juye nake so, kamar a madubi."

"Ikon Allah! Kowa na neman daidai, kai a juye?"

Mai gyaran rediyo ne, a ɗakinsa yake haɗa allunan na'ura. Yakan kifa robar a kan allon tagulla, ya haska fitila, ya tsoma a ruwan magani, maganin ya cinye tagullar ya bar inda zanen ya rufe. Da ta buga, ta ɗaga robar a hasken taga, ta ga baƙin bai yi kauri ba, ta buga biyu ta haɗa masa. Ita ya tsaya kallo, ba aikin ba.

Daga nan kullum yana tafe, ko da zane ko babu. Saƙon tes a waya kuwa ba a magana.

"'Yar Tawada, yau allona ya fito tas. Hannunki ne."

"Malam Tagulla, daɗin baki! Ka dai ci abinci?"

Robar iri biyu ce, akwai mai jure zafin firinta, akwai wadda ba ta jurewa. Wata rana hira ta ɗauke mata hankali, ta zaro wadda ba ita ba daga aljihun tebur. Robar ta narke a cikin inji, shago ya ɗau ƙauri.

Baba ya fito. "Aikin wa ne wannan?"

"Ni na kawo ta, Baba," in ji saurayin.

"To, kada ƙafarka ta sake taka shagon nan, balle gidana. Ga mai kawo mana tawada nan, ya daɗe yana gaishe ni saboda ita, ko tsinke bai taɓa ƙona min ba."

Sati uku bai zo ba, bai kuma tona ba. Ita kuwa tsoro ya ɗaure mata baki, kewarsa ta hana ta sukuni. Ran nan dai ta yi ta maza.

"Baba, ni ce na ɗauko robar nan."

Baba bai daina jera takardu ba. "Ya san ke ce?"

"A gabansa aka yi."

"Kuma ya tsaya ina wanke shi tas? Kai! Ce masa ya turo manyansa."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya riƙe hannun ango, ya daɗe bai saki ba.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ɗana. Ya rufa maka asiri yadda ka rufa mata."