Wa Ya Kulle Auta?

Sufeto bai gama shan shayinsa ba kofur ya shigo masa da wani saurayi, ya jiƙe sharkaf da gumi, riƙe da kwaɗo da ƙarfen da aka ɓanɓaro daga jikin ƙyaure. Ɗalibin jami'a ne, yana shekarar ƙarshe a sashen haɗa magunguna, kowa Auta yake kiransa. Ya ce da safe yana shirin fita jarrabawa wani ya garƙame masa ƙofa ta waje. Kafin a samo kafinta ya ɓalle, har an tashi daga jarrabawar.

Ya je wajen shugaban sashe, shi kuwa ko zama bai ce ya yi ba. Wai a zangon nan kaɗai kakannin da aka ce masa sun rasu sun fi ɗaliban yawa, ya gaji da uzuri. In ba rahoton 'yan sanda, sai baɗi.

Kofur ya sunkuyo ya raɗa wa Sufeto cewa ya sa hannu kawai yaro ya tafi, ai kowa haka yake yi. Sufeto ya ture kofin shayin gefe. Ya ce shi bai taɓa sa hannu a kan ƙofar da bai gani ba, kuma ba yau zai fara ba. Auta ya ɗan yi turus, kamar wanda ba haka ya so ba.

Ɗakin haya ne a wani gida kusa da makaranta, katifa biyu, tebur ɗaya, littattafai jibge a kan bokiti. Tsohuwar da ke da gidan ta rantse ba wani baƙo da ya shigo. Ta ji ana dukan ƙofa, amma yaran nan kullum cikin buge-buge suke, ta ɗauka kiɗa ne.

Sufeto ya juya kwaɗon a hannunsa. Ba sabo ba ne. Ya kai hanci ya ji warin man keken ɗinki, ga wani guntun zare ja ya maƙale a bakin makulli.

Ana haka abokin ɗakin Auta ya dawo daga jarrabawar, wani dogo mai yawan murmushi. Ya ce shi tun asuba ya fita ɗakin karatu, bai san komai ba. Da farko Sufeto ya zaci shirin su biyu ne, ɗaya ya kulle ɗaya don a samu uzuri. Sai dai wani abu ya tsaya masa a rai. Ana zafi kamar a gasa mutum, amma dogon yana sanye da riga mai dogon hannu, kuma sai dafe hannun hagu yake yi.

"Naɗe hannun rigar nan."

"Yallaɓai, mura nake yi."

"Murar a gwiwar hannu take? Naɗe."

Daga ciki an ɗinka wani ɗan aljihu siriri, daidai ƙaramar waya. Dogon ya ce na makulli ne, wani tela a kasuwa ya yi masa, ya ma manta fuskarsa.

A kan katifar Auta akwai riga irinta, a goge. Sufeto ya juya hannunta. Babu aljihu, amma ga sawun allura a jere inda aka ɗinka shi aka kuma farke. Auta ya ce tun jiya ya karɓo ta haka, bai lura ba.

Tsohuwa da ke tsaye bakin ƙofa ta yi tsaki. Ta ce wane jiya, da safen nan Yayarsa ta kawo ta a leda. Da Sufeto ya tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba tun ɗazu, ta ce shi baƙo ya tambaya, Yayar Auta kuwa ba baƙuwa ba ce.

Auta ya zauna a kan katifa ya dafe kai. Can ya ce a bar maganar, ya fasa. Sufeto ya ce ai magana ta riga ta bar hannunsa.

Shagon Yayar yana bakin titi, keke biyu da tarin yadi har rufi. Mace ce siririya, da gilashi a ƙarshen hanci. Ita ta riƙe Auta tun rasuwar iyayensu. Da ta ga 'yan sanda da ƙanenta a bayansu, ba ta ɗaga ƙafa daga kan keke ba sai da ta kai ƙarshen layin da take ɗinkawa.

Sufeto ya ajiye kwaɗon a kan teburin yanka.

"Kin san wannan?"

"Nawa ne. Ni na kulle shi."

Ta ba da labarin ba tare da an matsa mata ba. Auta ya kawo riga ya ce ta yi masa aljihun makulli a hannu, ta yi. Ya turo dogon, ta yi masa. Sai ga wasu abokansu suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da makullinsa a hannun hagu, har ɗaya ya ciro waya yana gwadawa a gabanta, yana dariya wai malamai aljihun wando kawai suke lalubawa. Ta kore su, ta farke na ƙanenta. Da ta kai masa rigar ta hango waya cuse a cikin safarsa. Ta yi masa fatan sa'a, ta fito, ta ja ƙofa.

Sufeto ya ce ta san tsare mutum a ɗaki laifi ne, da gobara ta tashi fa? Ta ce wannan kam ba ta yi tunaninsa ba, ta ɗauki laifinsa. Amma sauran ba ta yi nadama ba, in gobe ya sake, kwaɗo biyu za ta sa.

"Yaya, shekara guda kika ja mini."

"Ka yi goma. Magani za ka riƙa ba mutane, Auta. 'Ya'yana za su yi zazzaɓi in kawo maka su, ka leƙa hannun riga? Ka faɗi da kanka, in ɗinka maka rigar komawa. Amma ba za ka ci da allurata ba."

Auta ya juya wajen Sufeto. Ya roƙi a rubuta cewa ba a gano wanda ya kulle ba, ta haka ita ta tsira, shi ma a bar shi ya rubuta jarrabawar. Kofur ya gyaɗa kai, alamar hanya mai sauƙi ke nan.

Kafin Sufeto ya buɗe baki Yayar ta miƙe, ta cire gilashinta.

"Kada a rufa mini asiri da ƙarya, ranka ya daɗe. A rubuta ni na kulle shi, a rubuta dalili."

"Da ma abin da zan rubuta ke nan," in ji Sufeto.

Ya gaya wa Auta rahoton zai je wa shugaban sashe yadda yake, da aljihu da safa da komai. Abin da kawai zai taimake shi, bai shiga ɗakin jarrabawa da wayar ba, kuma ya san wa zai gode wa. Dogon abokinsa kam ya shiga da tasa, shi ya san ta kansa.

Yayar ta rufe kekunan da ƙyalle, ta leƙa shagon maƙwabciyarta ta ce ta ɗauko mata yara daga makaranta, in sun tambaya a faɗa musu inda take. Mutane sun fara taruwa. Kofur ya nuna mata ƙofar baya, ta ce ita ta gaba take shiga shagonta, ta nan za ta fita.

Ta riga su isa mota. Auta ya biyo ta har bakin ƙofa yana share ido da bayan hannu.

"Kai kuma ina za ka?" ta ce. "Ba jibi kana da wata ba? Wuce ka je ka yi karatu."