Igiyar Bepo

A ƙauyenmu na Luka Mala, in teku ya ci mutum, akan bar igiyarsa a zoben ƙarfe na matsayar jirage, don ya sami wurin ɗaurewa in ya dawo. Ba mai taɓa ta. Sai Duje, mai gashin bakin da yake tajewa sau uku a rana. Tasa ta ruɓe, ya kwance ta marigayi Bepo.

"Mamaci da sabuwar igiya, ni mai rai da ruɓaɓɓiya? Ina adalci?" in ji shi.

Ran nan da la'asar asmar 'yarsa Nevenka ta tashi. Maganin shaƙa ya ƙare, dutse kuma ya zubo ya toshe hanyar mota.

"Tsohon banza, bar madubin nan ka tafi gari!" matarsa Franka ta daka masa tsawa. "Leɓenta ya fara baƙi!"

Ya je a jirginsa, ya samo, ya juyo. Rana na faɗuwa ya hango fitilun gida.

Sai jirgin ya tsaya cak.

Inji na ruri. Ruwa ba ya motsi. Ya waiga. Igiyar ta zube ta baya, ta miƙe cikin teku kamar tsirkiyar baka.

Warin taba ya taso. Irin wadda Bepo ke naɗawa.

"Duje." Muryar a jiƙe take. "A ina zan ɗaure?"

"Haba aboki, aro ne," ya ce da raɗa. "Yarinya ce ba numfashi. Kai ka riƙe ta a coci ranar suna."

Jirgin ya fara ja da baya. Fitilun na ƙanƙancewa.

Ya zaro wuƙa. Ya fasa. In ya yanke, Bepo zai biyo sauran igiyar.

Ya kama ƙullin da farce. Da haƙori. Jini, gishiri. Ruwa a cikin jirgin ya kai idon sawu.

Wasu yatsu masu sanyi suka ɗora kan nasa.

Ƙullin ya saki.

Nevenka ta shaƙi magani, ta yi tari, ta yi kuka. Da safe aka ga igiyar a zobenta, tana ɗiga, da ƙullin bahago irin na Bepo.

Rabin gashin bakin Duje ya yi fari fat. Har yau yana mita a shagon kofi: "Na kai wa mutum kayansa har gida, ko sannu!"

Amma jirginsa yana can kife kan yashi, kaji na ƙwai a ƙarƙashi.