Kantin da Tau Ya Kwashe

"Ina kayana?!"

Miliakere ce ke tambaya, tana tsaye a tsakiyar kantinta, ko jakar tafiya ba ta sauke daga kafaɗa ba. Kantocin da ta bari maƙil da kayan jarirai sun koma katako zalla. Ba ƙunzugu, ba madarar gwangwani, ba tawul. Bahon wanka biyu ne suka rage, sai 'yan safa da kwalin hoda.

Waisake kafinta yana jingine da ƙofa, yana kaɗa makulli a yatsa.

"Sannu da hanya, tau. Kin yi baƙi. Sabulu ya ƙare ne a Kadavu?"

"Waisake! Na ce ina kayana?"

"Na ɗiba."

"Ka... ɗiba?"

"Ƙwarai."

Jana'izar kakarta ce ta kai ta tsibirinsu na Kadavu. Tana can annoba ta ɓarke, aka tsayar da jiragen ruwa, aka kulle garin Nausori inda kantin yake, aka datse gadar shiga garin. Watanni ta yi tana kallon teku. Makullin kuwa Waisake ta bar wa, shi da ya yi alkawarin aiko da magabatansa neman aurenta in ta dawo.

Shi mutumin lardin Ra ne, ita 'yar Kadavu. Abokan wasa ne tun kakanni, da "tau" suke kiran juna. Tau ɗinka zai shiga gidanka ya kama kazarka ya dafa, ya kuma zage ka cewa ba ta da maiƙo. Dariya kawai za ka yi. In ka yi fushi, kai ka ji kunya.

Amma kaza daban, kanti daban.

"An sanar a coci ranar Asabar zan buɗe," in ji ta. "Me zan sayar? Iska?"

"Ai ga safa nan."

"Ajiye mini makullina."

Sai a nan dariyar ta bar fuskarsa.

"Mili... abar ƙaunata, tsaya ki ji..."

"Yanzu na zama abar ƙauna? Fita!"

Ya ajiye makullin, ya fita.

Ko ƙurar ƙafarsa ba ta kwanta ba Torika ta shigo, mai gyaran gashi a shagon da ke jikin nata. Duk layin an san ta daɗe tana aika wa Waisake abincin da bai roƙa ba.

"Ayya, 'yar'uwa," ta ce, tana dafe ƙirji. "Ban so ki ji daga bakina ba..."

"To kar ki faɗa."

"Dubi nan kawai."

Ta miƙo wayarta. Ga Waisake a unguwar gidajen kwano ta bakin kogi, rungume da jariri, yana washe baki. Ga wata mace a gefe tana dariya. Tawul ɗin da ke jikin yaron, Miliakere ta gane shi. Da hannunta ta jera irinsa a kantinta.

"Kin san sunan yaron? Waisake!" in ji Torika. "Na riga na nuna wa Nei. Don ƙaunarki na yi."

Nei Salanieta yayar mahaifin Miliakere ce, ita ta riƙe ta tun rasuwarsa. A gidansu ba namijin da zai karɓi tabua a kan yarinyar, haƙorin babban kifin tekun nan da ake neman aure da shi, sai Nei ta gyaɗa kai.

Da Miliakere ta isa gida ta same ta tana ɓare rogo kamar shi ya yi mata laifi.

"Kawunsa ya aiko, wai Asabar za su zo," in ji Nei. "Na ce su riƙe abinsu. Tun farko na gaya miki, mutumin Ra a yi wasa da shi, ba a ba shi makulli ba."

"Nei, ƙila akwai bayani..."

"Bayanin yana sanye da tawul ɗinki!"

Miliakere ta shige ɗaki. Wayarta ta yi ta ƙara, sunansa na fitowa. Ta kife ta. Ta yi kuka iya son ranta, sannan ta wanke fuska ta ɗauki tsintsiya. Ta ce za ta buɗe, kuma za ta buɗe.

Ranar Asabar ta jera bahon nan biyu da safa, ta baza su don su yi yawa. Ba su yi ba. Ta ajiye ruwan wanke hannu a bakin ƙofa, ta ɗaura takunkumi. Nei ta zauna a kujera da mafici. Torika ta leƙo, wai ta zo taya murna.

Sai suka ji waƙa.

Mata ne suka cika layi, kowacce da jariri a hannu. A bayansu maza na ɗauke da tabarmi a nannaɗe da damman gwaza. Suka wanke hannu, suka tuɓe takalma, suka zazzauna a ƙasa har waje. Suka tafa hannu a hankali, irin na girmamawa.

Ta gaba ta sauke takunkuminta. Miliakere ta gane ta nan take. Matar cikin hoton ce!

"Sunana Akanisi," ta ce. "Mun zo godiya."

"Godiyar me?" in ji Nei.

"A cikin kulle muka haihu, Nei. Ba uwa, ba gwaggo, ba wanda ya iya ƙetare gada ya zo mana barka. Mazanmu ba aiki. Ni da tsohon zanina na naɗe ɗana, ina kuka, na ce wannan yaro ya zo duniya ba mai marabarsa. Sai ga kafinta a kan keke. Ya ajiye ƙunshi a bakin ƙofa, ya ja da baya, ya ce, 'Kayan barka ne daga Miliakere mai kanti.' Haka ya bi mu gida gida."

Miliakere ta dafe kanta.

"Ni? Amma ni ban..."

"Ga takwararki," wata ta katse ta, ta ɗago 'yar lukutar jaririya.

"Ga wata nan!"

"Tawa ma!"

Nei ta daina fifita. Ta nuna wata da ke can baya da maficin.

"Ke fa, waccan mai ihun?"

"Miliakere ce, Nei."

"Oh ni! To ke Akanisi, naki fa?"

"Namiji ne, ba yadda muka iya. Sai muka sa masa sunan mai keken."

Mijinta, wani dogon mutum mai faffaɗan kunnuwa, ya karɓi yaron daga hannunta. Nei ta dubi kunnen uban, ta dubi na ɗan. Ba ta ƙara tambaya ba.

"Au, Torika, kina nan?" in ji Akanisi da fara'a. "Ita ma a gode mata. Ita ta nuna masa gidana, ita ta ɗauke mu hoto ranar da aka sassauta kulle."

Kowa ya juya. Torika ta ce ta bar mai wankin kai da kumfa a ido. Ta fice, takalmi ɗaya a hannu.

Ana cikin dariya wata tsohuwar motar kaya ta tsaya a ƙofa tana tari. Waisake ya diro. Yau ya sa farar riga da zanin da mazansu ke ɗaurawa zuwa coci. Bayan motar cike da kwalaye, a samansu gadajen jarirai na katako, sababbi, suna ƙamshin fenti.

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Mai babban shagon sari a birnin Suva yana son kujerun falo, ni ina son ƙunzugu," ya ce. "Muka yi musaya. Na so in cika kantocin kafin ki dawo, sai kika hau jirgin farko. 'Yan Kadavu ba ku taɓa zuwa kan lokaci ba sai ranar nan."

"Me ya hana ka gaya mini ta waya?"

"Da na tambaye ki, da kin ce a kwashe har kantocin. Ni kuwa na sha wuya kafin na ƙera su."

"Ɓarawo..."

"Na amsa."

"Na yi kuka saboda kai, Waisake!"

Ya sunkuyar da kai. A gaban matan nan duka ya durƙusa a kan dakali.

"Wasana ya yi yawa, Mili. Na ga idonki ranar nan, na rasa barci. Ki yafe mini, hasken idona... Da sunanki na kai, don na san zuciyarki ce za ta kai, da kina nan."

Ta ja takunkuminta sama don kar a ga bakinta. Idanun suka tona ta.

"Tashi, kana tare wa masu saye hanya."

Gaskiya ta faɗa. Gada ta buɗe, kakanni da gwaggonni sun fara sauka daga motocin ƙauye, kowacce na neman abin da za ta kai barkar da ta makara. Jikokin kuwa ga su nan zaune a kantin. Wata tsohuwa har ta rungume baho ɗaya tana tambayar kuɗinsa.

Nei ta buga mafici a hannun kujera. Ido ya koma kanta.

"Kai, mutumin Ra."

"Na'am, Nei."

"Ka san nauyin takwara? Rigar baftisma, takalmin makaranta, tabarmar aure, duk a wuyan yarinyar nan. Kai ka jawo mata wannan runduna."

"Ni ne, Nei."

"To ba za ta ɗauka ita kaɗai ba. Ina kawun naka?"

"Yana cikin mota. Tsoronki yake ji."

"Ya kyauta. Ce masa ya same mu a gida da yamma, ya zo da abin da na ce ya riƙe."

Matan suka kaure da shewa, jarirai suka tsorata suka fashe da kuka gaba ɗaya.

"Yi shiru, Miliakere!" in ji iyayen, kusan a tare.

"Ban ce komai ba," in ji mai kanti.

Aka shiga sauke kaya. Gado na ƙarshe da Waisake ya shigo da shi ya fi sauran kyau, an sassaƙa masa ƙananan kifaye a gefe. Tsohuwar nan mai baho ta miƙa hannu. Miliakere ta riga ta. Ta ja gadon, ta tura shi can bayan teburin ciniki, ta rufe da zani.

"Kai, tau!" in ji Waisake. "Wannan na fi shan wuya a kansa. Ina za ki kai shi?"

Ta dube shi ta gefen ido.

"Na ɗiba."