Firij Biyu

"Kwanta ƙasa, Dona!" in ji Abílio.

Matar ba ta kwanta ba. Ta tura 'yarta bayan siket ɗinta, ta tsaya a ƙofar motar da suke kwana a ciki, tana kallon bindigar Abílio kamar an nuna mata ludayi.

Telmo direba ne, tuƙi aka ɗauko shi yi, amma yau filaya aka danƙa masa. Abílio, ogansu, shi ya tsara komai. Da tsakar rana masu zaman daji cikin motoci a gaɓar tekun Alentejo duk teku suke gangarawa, su bar sola tana shan rana, batura na cika. Sai dai tsarin oga bai san da matar nan ba, Dona Graça, wato uwargida Graça, wadda zazzaɓin 'yarta ya hana ta fita.

Nuno, na ukunsu, ya hau rufi yana kwance faifan sola. Telmo ya durƙusa ƙarƙashin gado, inda batir yake, ya datse waya — tartsatsi! Firij ya yi shiru.

"Ku kwashi faifan, ku bar batirin," in ji Graça. "Allurar sugan Benedita tana cikin firij ɗin nan. A zafin nan ba za ta kai yamma ba, kuma babanta ya tafi da makullin mota."

"Ki yi mata fifita," in ji Abílio. Ya fizge wayar salularta, ya ɗauki burodi da tsiran alade a kan tebur, ya cusa a baki. "Telmo, ɗauko batirin, ba gadon ubanka ba ne."

Telmo ya ɗauko. Yarinyar ta leƙo tana kallonsa, leɓenta a bushe. Ya kawar da kai.

Motarsu tana kan tudu, bayan bishiyoyi, inda suka laɓe tun safe. Suka loda kaya, suka faɗa ciki. Telmo ya murɗa makulli.

Ƙyas. Ƙyas. Shiru.

Ya duba ƙasa. Ga ƙaramin firij ɗin giyar oga, a jone da ramin kunna taba, yana ta gurnani tun safe, inji a kashe, har ya shanye batirin motar.

"Oga, na ce ka cire abin nan."

"Giya mai ɗumi zan sha? Ni sa'anka ne?"

"Ga batura a baya ai, baba," in ji Nuno.

"Da wace waya? Duk mun datse su guntu-guntu," in ji Telmo.

Daga nesa jiniya ta fara kuka. Mijin Graça, kamar kowa a wurin, ya bar wayarsa a caji ƙarƙashin matashi kafin ya tafi teku. Da ita Graça ta kira 'yan sanda. Manyan 'yan fashi uku, ba wanda ya ɗaga matashi.

"Ku tura," in ji Telmo. "Gangara ce, za ta tashi."

Abílio ya zagi uwar motar, ya ajiye bindiga a kujera, ya fita. Shi da Nuno suka kafa kafaɗa. Tura — tura — mota ta gangara, ta yi tari, ta kama!

Telmo ya hango su a madubi suna biyo shi, tumbin oga na rawa. Ƙafarsa ta je kan birki. Sai leɓen yarinyar nan ya faɗo masa. Ya mayar da ƙafa kan totur.

"Telmo! Ɗan iska, tsaya!"

Hanya ta rabu biyu: hagu titi, dama sansanin su Graça. Ya karya dama.

Graça ta naɗe kwalaben allura a jiƙaƙƙen tawul, tana zaune tana fifita. Ta ga Telmo ya shigo rungume da batir. Ba ta yi godiya ba. Ta miƙa masa sufana.

"Jar waya a kan jar waya. Ka fere bakin da ka datse."

Yana kwance ƙarƙashin gado 'yan sanda suka iso, Abílio da Nuno a bayan motar 'yan sandan, an tsince su a hanya suna haki. Kofur ya kamo ƙafar Telmo zai jawo shi.

"Dakata, ranka ya daɗe," in ji Graça. "Bai gama ba."

Kofur ya saki ƙafar. Kowa ya tsaya. Telmo ya ɗaure wayar ƙarshe. Firij ya yi tari, ya ɗauki gurnani.

Graça ta jera kwalaben, ta rufe, ta ɗora tafin hannu a jikin firij ɗin har ta ji sanyi ya fara zuwa.

"Dona," in ji Telmo, "ki faɗa musu ni na dawo da shi."

"Zan faɗa. Zan kuma faɗi wanda ya datse." Ta ɗauki Benedita ta saɓa a kafaɗa. "Yanzu ku tafi da shi."