Abarbar Bake a Teburin Duwan

Ranar da Sabi Gunu ya fara ganin Bake, da kwandon ruɓaɓɓiyar abarba ta gaishe shi.

Gwamnati ce ta kira taro a Malanville don jin koken 'yan kasuwa kan wahalar tsallaka gadar kan iyaka. Manya sun zo daga Kotonu, shi kuma Sabi, ƙaramin ma'aikacin duwan, wato kwastan, aka ba shi biro ya rubuta abin da aka faɗa. Tun safe masu manyan motoci ke karɓe abin magana. Matan da ke kai abarba ƙetaren kogi kuwa, ko kallo ba su ishi kowa ba.

Sai ga wata doguwar budurwa ta keto jama'a, ta juye kwando a gabansa. Ruwan ya fallatsa har kan takardarsa.

"Rubuta wannan," in ji ta. "Kwana biyar motar innata tana layi bayan motocin siminti. Siminti yana ruɓewa ne? Layinmu daban muke so."

Sabi ya goge hannunsa. "Ƙungiyarku tana da rajista?"

"Sai da rajista abarba ke wari?"

"In babu, maganarki ba ta shiga rahoto. Ƙa'ida ce."

"Allah ya isa tsakanina da kai da ƙa'idar taka."

Ta fice tana huci. Shi kuwa bawan Allah, ga wari ga kunya, amma idanun nan nata suka hana shi sakat. Washegari ya lalubo lambarta a takardar mahalarta, ya tura saƙo:

"Salamu alaikum. Wanda kika yi wa wanka jiya ne. Rajista tana buƙatar sunayen mambobi, dokokin ƙungiya da takardar zamanku na farko. In kun gama kafin taro na biyu, za a saurare ku."

Amsa ta dawo: "Duwan, me kake so a ba ka? Ku ba ku taimako a banza."

"Abarba ɗaya, mai lafiya."

"Ka mutu da kwaɗayinta."

Amma fa ta zo. Sati uku suna cike takardu a ƙarƙashin bishiyar mangwaron bakin ofis, tana zaginsa yana gyara mata rubutu. Yana kiranta Abarba, wai ƙaya a waje zaƙi a ciki. Ita kuma ba ta taɓa kiransa komai ba sai Duwan, sai dai yadda take faɗin sa ya fara laushi. Ran da rajista ta fito ya ce, "Abarbata, ina son ki. In kin ga dama ki zage ni."

Ta sunkuyar da kai. "Yau na gaji. Sai gobe."

Inna Bona, mahaifiyarta, da ta ji labari sai da ta ajiye muciya.

"Ɗan duwan? Shekara ashirin suna shanya ni a rana, shi ne zan ɗauki 'ya in ba su tukuici? Ran da motata ta iso da safe ta tsallaka kafin azahar, ya zo mu yi magana." Wato dai har abada.

Akwai wanda wannan ta yi wa daɗi. Yaru shi ne shugaban gamayyar 'yan kasuwar gari, kuma shi ke da filin da motoci ke kwana suna jiran layi. Tsawon layi shi ne cinikinsa, ga shi ya daɗe yana zawarcin Bake da atamfofi tana mayar masa. Da aka aika masa daftarin rahoto ya duba a madadin 'yan kasuwa, sai ya soke sashen koken matan abarba, ya rubuta wai sun janye. Da sabon kwafi ya fito, shi ya kawo wa Inna har gida.

"Duba nan, Inna. Ko sunan abarba babu. Yaron duwan ya samu wadda zai yi wasa da hankalinta."

Bake ta karanta sau biyu. Ta rubuta wa Sabi:

"Macuci. Ashe hira kake nema, ba hakkinmu ba. Kada ka ƙara kirana da sunan nan. Na tsane ka, na tsani ranar da na yarda da kai."

Ya kira sau tara, ba ta ɗauka ba. Saƙo ɗaya ya bari: "Ki zo taro ranar Laraba. Ko don ki tofa min yawu."

Ta zo kuwa, da niyyar hakan, Inna Bona na biye da ita. Aka karanta rahoto tun daga farko har ƙarshe, ba abarba. Shugabar tawagar Kotonu ta ce in babu gyara a sa hannu. Mai rubutu ba ya magana a irin wannan zama, kowa ya sani, maigidan Sabi ma sai da ya harare shi. Sabi ya miƙe duk da haka, ya ɗaga wata takarda da ta yi rawaya ta ƙanƙance.

"Ranki ya daɗe, wannan ce takardar taron farko, wadda ruwan abarba ya ɓata. Na ce wa mai maganar ba za ta shiga rahoto ba, amma na rubuta, kalma bayan kalma. Yanzu suna da rajista, na sa ta a daftari. An dawo min da shi wai sun janye, kuma ba ni da ikon sauya abin da gamayya ta sa wa hannu. Ga su nan a zaune. A tambaye su."

Shugabar ta juyo. "Kun janye?"

Inna Bona ta tashi tana gyara ɗamara. "Uban wa ya janye? Yaru, ɗago kanka ka dube ni, ɗan baƙin ciki."

Yaru ya shiga lalube a aljihu kamar mai neman amsa a can. Mata suka yi masa caa, sai da aka buga teburi. Kafin a tashi an mayar da koken matan cikin rahoto, an kuma amince a gwada layin kayan gwari na wata uku.

A bakin ƙofa Bake ta tare shi, idonta jawur.

"Me ya sa ka ajiye ƙazamar takardar nan?"

"Ita ce wasiƙarki ta farko gare ni."

"Ka yafe min, Sabi."

"Sabi kuma? Ina Duwan ɗina?"

Ta yi dariya tana share hawaye.

Sati shida bayan nan motar Inna ta iso da hantsi, ta tsallaka ladan bai kira azahar ba. Da la'asar sai ga Inna da kanta a bakin ofis, fuska a murtuke. Ta dangwarar da abarba guda a teburinsa.

"Har yanzu ba na ƙaunar duwan," ta ce. "Amma ni ba na magana biyu. Ka turo manyanka."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure, matan ƙungiya suka cika unguwa da guɗa. Da za a fita da amarya Inna Bona ta dafa kawunansu, ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Sannan ta dubi ango.

"Ga ta nan, lafiya lau na ba ka ita. In ka shanya min ita a layi, da kwando zan zo."