Turo Bakin Tichaona

"A ƙofar Sekai kuma?"

Nyaradzo ta saki muciya cikin tukunyar sadza, tuwon masara, tana kallon Gwaggo Shuvai.

"Da idona na gani! Duk ranar da zai hawo tudun nan wajenki, sai ya tsaya can. Ya iso kuma yana turo wa babanki baki. Wannan ne mijin?"

Gaskiya ne. Saurayinta Tichaona, mai hura wutar rumbun gasa taba, ya canza. Ba ya doguwar hira, ba ya dariya, sai turo baki kamar an yi masa dole. Ita kuwa Sekai, da gidanta ke tsakiyar hawan, har cewa take a rijiya, "Wani baƙon sai ya huta a wajena tukuna."

Kishi ya hana Nyaradzo sakat. Ran Lahadi ta laɓe bayan dutse.

Ga shi ya taho... ya ratse bayan dangar Sekai.

Ta bi shi, zuciyarta na tafasa.

Ba Sekai, ba kowa. Shi kaɗai ne, ya dafa gwiwoyi, yana fitar da numfashi ta tsukakken baki.

"Ticha!"

"Masoyiya... jira."

Sai da ya samu kansa ya ce, "Huhuna ne. Likita ta ce 'yan jakunkunan iskar sun yage, iska na shiga ta ƙi fita. Ita ta koya min tsuke bakin."

"Ni kuma ina can ina zaginka!" Hawaye ya zubo mata. "Yaran da za mu haifa fa? Za su gada?"

"Iri-iri ne. Na gado ya fi cin ƙasan huhu. Nawa na hayaƙi ne, sama ya ci. Amma ba ya warkewa, Nyari. Wa zai ba ni 'ya?"

"Ka bar rumbun. Baba kuma ka bar min shi."

An kai ruwa rana, amma uban ya sakko.

Ranar kai amarya, bisa al'ada takan tsaya a hanya sai dangin ango sun ba ta tukwici. Nyaradzo ta yi ta tsayawa har aljihunsu ya bushe.

"Wannan amarya akwai kwaɗayi!" in ji Sekai.

Ita dai amarya, ta ƙasan mayafi, kafaɗun Tichaona take kallo a gefen ayari. Sai sun daina hawa da sauka saboda haki take ɗaga ƙafa.