Sunan Cuautle a Katin Biki

A ɗakin gwajin asalin jini na birnin Puebla suka fara haɗuwa. Marisela Cuautle na bayan tebur cikin farar riga, Gonzalo ya miƙo mata kwalbar yawun mahaifiyarsa.

"Mamata ke son shaidar cewa mu tsantsar jinin Sifaniya ne," ya ce yana sosa ƙeya.

"Kowa Sifaniya yake zuwa nema," ta ce. "Ba mai neman kakarsa da ke talla a kasuwa."

Ya yi dariya, ya kasa tafiya.

Bayan wata takwas suna soyayya ya kai ta gidansu cin abinci. Doña Leonor, mahaifiyarsa, ta dube ta sama da ƙasa.

"Karatu kam kin yi, yarinya. Amma aure gyaran iri ne. In ya zama dole, a cire Cuautle daga katin biki. Sunan 'yan asalin ƙasa ne, 'yan ƙauye."

Marisela ce ta yi gwajin da hannunta. Ta san kusan rabin jinin matar na 'yan asalin ƙasa ne, Gonzalo kuma ya gaya mata ba a ko buɗe ambulan ɗin sakamakon ba. Ta ajiye cokali, ta yi godiya, ta fita.

Saƙonsa ya biyo ta: "Sanyin idona, kati ne fa kawai."

Ta rubuta: "Da sunan nan babana ya yi dakon bulo har na gama jami'a. In babu shi a kati, babu ni a coci."

Wata uku tana kuka a ɓoye, ba ta kira shi ba.

Wata Lahadi aka buga ƙofar gidansu Marisela a garin Cholula. Gonzalo ne ɗauke da kwandon burodi da kyandir na neman aure, Doña Leonor a bayansa. Ta ja Marisela gefe.

"Na buɗe takardar. Kin sani tun ranar nan. Me ya hana ki kunyata ni?"

"Jinin kakata ba abin gori ba ne, Doña."

Matar ta sunkuyar da kai.

Aka buga katin da sunan, harafi bai ragu ba. Ranar biki, da aka zagaya musu igiyar aure a kafaɗa bisa al'adarsu, kakar Marisela ta dafa kawunansu.

"Allah Ya ba ku 'ya'ya," ta ce, "kowace kala suka zo, namu ne."

Doña Leonor ce ta fara cewa amin.